Ma'aikacinka yana buga-buga bayan an tashi, me ya kamata ka yi?

In kana hawa adaidaita a Kano da yamma, daga wajen la'asar sakaliya zuwa bayan isha'i, ka riƙa ɗan jan direban da hira ka ji. Wani malamin firamare ne, wani masinja ne a sakatariya, wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ne da ya karɓi mashin ɗin a hannun mai yin safe shi kuma ya yi yamma, su haɗa balas su kai wa mai shi. Haka mai POS ɗin bakin layi, haka kemis ɗin unguwa da ba ya buɗewa sai an tashi daga asibiti, haka matar da kullum sitatus ɗinta na WhatsApp cike yake da atamfa da turaren wuta da kayan kicin, da yawansu da safe suna da ofis, suna da oga, suna sa hannu a rajista. Kowa ya san da wannan, ogan ma ya sani, sau da yawa shi ma yana da nasa. Amma an mai da maganar kamar abin kunya, ba a faɗa, sai ranar da aka samu saɓani sannan a ɗauko ta a daki mutum da ita.

Ni ina da ɗan shagon buga takardu, katin biki, kalanda, fosta, bana da makamantansu, kuma akwai yara da ke aiki a hannuna, to maganar nan ba daga nesa nake hangenta ba. Ra'ayina kuma gara in faɗe shi tun yanzu: in ka ɗauki mutum aiki lokacinsa ka saya, daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, ba shi ka saya ba. Abin da yake yi bayan ya fita daga ƙofarka bai shafe ka ba sai in ya taɓa aikinka, ko kayanka, ko kwastomominka. In kuwa ya taɓa to kana da cikakkiyar magana, kuma bai kamata ka ji nauyin yinta ba.

Mu fara da lissafi tukunna don shi ne tushen komai. A 2011 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira dubu 18 ne, lokacin dala tana wajen naira 150 da 'yan kai, wato kuɗin ya haura dala 110. A 2019 aka mai da shi dubu 30, dala tana wajen 360, ya koma dala tamanin da ɗoriya. A watan Yulin 2024 shugaba Tinubu ya sa hannu a kan dubu 70, a Kano gwamna Abba Kabir Yusuf ya ce dubu 71, amma lokacin dala ta wuce naira 1,500, kenan ko dala 50 bai kai ba. Lambar tana hawa abin da take sayowa yana sauka. Tsakanin nan an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta tashi har ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma a Disambar wannan shekarar hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Raba dubu 70 gida 30 ka gani, naira dubu biyu da ɗari uku da 'yan kai ne a rana, a ciki za a yi kuɗin mota zuwa ofis da dawowa, a yi cefane, a biya haya, a biya kuɗin makaranta, yaro ya tashi da zazzaɓi cikin dare. Wannan ma fa wanda ake ba shi dubu 70 ɗin kenan. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, shi ya sa galibin shaguna da ƙananan makarantun kuɗi suke biyan abin da suka ga dama, ni da kaina na san malamai masu digiri da ake ba dubu 25 ko 30 a wata, in an yi dogon hutu kuma a ce babu albashi tunda ɗalibai ba su biya ba. To irin wannan malamin ne za a kira ofis a ce masa an ji yana yi wa yara lesin da yamma, ya zaɓa ko mu ko su? Haba.

Kuma shi haɗa sana'a biyu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Manomi da rani yana tafiya ci-rani, malamin zaure yana karantarwa hannunsa na kan ɗinkin hula, mahauci yana da gona, maƙeri ma haka, matan aure a cikin gida suna ƙuli-ƙuli da kitso da saƙa. Aikin albashi ne ya zo da tunanin cewa mutum ya tsaya kan abu ɗaya, kuma ya zo da shi ne tare da alƙawari, cewa albashin zai riƙe ka, za a ba ka gida ko bashin mota, in ka tsufa ga fansho da garatuti. Alƙawarin ya daɗe da rushewa, sharaɗin ne kawai ya rage a takarda.

Takardar kuwa ba ƙarama ba ce, kundin tsarin mulkin 1999 ne da kansa. A jadawali na biyar, inda aka zayyana ɗa'ar ma'aikatan gwamnati, an ce ma'aikaci ba zai karɓi albashin ofis biyu na gwamnati a lokaci guda ba, wannan babu mai ja, sannan an ce in dai na cikakken lokaci ne ba zai shiga gudanar da wani kasuwanci ko sana'a ta ƙashin kansa ba, sai noma kaɗai aka yarje masa. Hukumar ɗa'ar ma'aikata da kotunta su ke da alhakin wannan. Na fahimci abin da ake gudu, kada darakta ya buɗe kamfani ya riƙa ba kansa kwangila, kuma abin gudu ne. Amma duba yadda abin yake faɗawa a ƙasa. Ba a hana mutum sayen hannun jari ba, gudanarwa aka hana, to babba mai kuɗi sai ya zuba jari ya ɗora ƙaninsa ko matarsa a kan kujera, shi ya fita fes, ita kuwa nas ɗin da ke zaune a ɗaki biyu na haya a Kurna ko Sheka, ba ta da gona ba ta da kuɗin hayar gona, in ta sayar da zannuwan gado ga abokan aikinta a ƙa'ida ta karya doka. Dokar da kusan kowa yake karyawa don ya ci abinci amfaninta ɗaya, ta zama sanda a hannun ogan da ya tsani wani.

Gwamnatocin ma sun san albashin ba ya isa, ayyukansu sun nuna. A 2016 Binuwai ta ba ma'aikata ranar Juma'a su je gona, Imo ta rage ranakun aiki zuwa uku da sunan a koma noma. Kaduna a Disambar 2021 zamanin El-Rufa'i ta koma aikin kwana huɗu a mako, cikin dalilan da aka bayar har da ba ma'aikata damar noma. Da aka cire tallafin mai Kwara da Edo suka ce a riƙa zuwa ofis sau uku a mako. To mutumin da ka ba kwana biyu ya zauna a gida saboda ba ka iya biyansa kuɗin mota, me kake zaton zai yi da kwanakin? Ko yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba an riƙe albashi, ai malaman jami'a da yawa a lokacin suka shiga kiwon kaji da kifi da jigila da motocinsu, kuma da aka koma aji ba kowa ne ya saki ba.

Amma fa kada a ɗauka ina wanke kowa ne, wallahi akwai ɓarna kuma talaka ne yake shanta. Akwai wata makarantar gwamnati da 'ya'yan 'yar uwata suke zuwa, na taɓa zuwa ɗauko su da hantsi saboda wata lalura, na tarar da aji cike maƙil, yara sun fi ƙarfin bencina wasu a ƙasa, monita na tsaye da bulala yana rubuta sunan masu surutu, a allo akwai lissafin da aka rubuta da alama tun jiya don har an fara goge gefensa da kafaɗa. Na tambaya ina malam, yaran suka haɗa baki suka ce ya tafi kasuwa sai an kusa tashi yake dawowa. Ba su faɗa da mamaki ba, abin da suka saba ne. Wannan ba neman halak ba ne, cin amanar yara ne waɗanda iyayensu ba su da kuɗin kai su wani wuri. Haka ma'aikacin lafiyar da za ka same shi a asibitin gwamnati ya duba ka sama-sama sannan ya ce ka same shi a wani wuri da yamma, ko ya rubuta maka magani ya ce a kemis kaza kaɗai ake samu alhali kemis ɗin nasa ne. Haka yaron shago a Kantin Kwari da kwastoman maigidansa zai shigo, ya ja shi gefe ya karɓi lambarsa, gobe ya haɗa shi da kaya daga wani shagon ya ci la'adarsa. Duk wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ƙarancin albashi bai halatta maka ka karɓi kuɗin awa takwas ka yi awa biyu ba, in aikin bai yi maka ba ka ajiye a ba wani.

Malaman fiƙihu tun tuni sun warware wannan. Sun raba ɗan ƙwadago gida biyu, akwai wanda aka ɗauka don wani lokaci sananne, shi wannan a cikin lokacin nan ba shi da damar yi wa wani aiki sai da izinin wanda ya ɗauke shi, akwai kuma wanda ake biya don aikin da ya gama kamar tela ko mai wanki, shi yana iya karɓar aikin mutum goma. Ka ga ko a nan lokacin da aka yi yarjejeniya a kansa shi ne ma'auni. Kuma addinin da ya ce a cika alƙawari a farkon suratul Ma'ida shi ne ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Mai riƙe albashin mutane wata biyu wata uku ba shi da bakin yi musu wa'azin amana.

A shagona yadda nake yi, duk yaron da zan ɗauka tun ranar farko nake tambayarsa, bayan nan me kake yi? Kuma ina gaya masa ba don in hana shi nake tambaya ba. Da farko sukan yi shiru suna kallon ƙasa, don sun saba in aka ji an fasa ɗaukarsu, sai na ce masa wane da ka gani can yana ɗaukar hoton biki ranar Asabar da Lahadi, wancan kuma yana da teburin cajin waya a unguwarsu, sannan bakinsa yake buɗewa. Wanda ya fi kowa iya zane a cikinsu yana karɓar aikin zanen tambari da fosta a kwamfutarsa ta kansa da daddare, har daga Abuja da Legas ake turo masa, wani watan abin da yake samu a can ya fi abin da nake ba shi, na sani don shi ya gaya min. Abin da muka yi da shi a fili yake: ba a kwamfutar shago ba, ba da datar shago ba, ba a lokacin shago ba, kuma duk wanda ya shigo ta ƙofar nan ko ya kira lambar shago kwastoman shago ne ko da kai ya sani. In kuma aikinka na waje yana buƙatar a buga, kawo shi nan in yi maka ragi. Yanzu shi da kansa yake kawo min aikin bugu da ban san hanyarsa ba, kuma dabarun da yake koyowa a wajen masu ba shi aiki na nesa a shagona yake fara gwada su.

Akwai kuma wanda muka sha fama da shi. Yaro ne mai hankali, shi ke kan injin yankan takarda, sai na lura yana zuwa da safe idonsa jawur, yana hamma, rannan na same shi ya jingina da bango hannunsa ɗaya a kan tarin katin biki ɗayan kusa da wuƙar injin, idonsa a rufe. Gabana ya faɗi. Da muka zauna ashe gadi yake yi a wani gida daga ƙarfe goma na dare zuwa asuba, mahaifinsa na kwance shi ke sayen magani. To a nan ba zancen haƙƙina ko nasa ba ne, zancen yatsunsa ne. Na cire shi daga kan injin na mai da shi wajen haɗa takardu da naɗewa, na ce ya riƙa zuwa ƙarfe goma sha ɗaya ya tashi da magariba, muka yi haka har Allah Ya kawo sauƙi ya bar gadin. Da a ce dokar shagon ita ce duk wanda aka kama da wani aiki a kore shi, ba zai taɓa gaya min ba, ƙarya zai yi ya ce zazzaɓi ne, ni kuma in bar shi a kan injin.

Abin da masu hanawa ba sa ganewa kenan, hani ba ya sa mutum ya daina, sa shi yake ya ɓoye, kuma abin da aka ɓoye maka ba ka da yadda za ka tsara shi. Ba mu kaɗai ke wannan muhawarar ba. A Indiya a 2022 kamfanin fasahar kwamfuta na Wipro ya kori ma'aikata 300 da ya gano suna yi wa kamfanonin da suke gogayya da shi aiki a ɓoye, shugabansa Rishad Premji ya kira abin ha'inci kai tsaye. A shekarar dai kamfanin kai abinci na Swiggy ya fito da tsari a rubuce cewa ma'aikaci zai iya yin wani aiki bayan an tashi ko a ƙarshen mako, in dai bai ci karo da na kamfani ba, wanda ake jin zai iya cin karo kuma a nemi izini tukunna. Ni ban ga saɓani tsakanin biyun ba, na farko ya hukunta masu kai wa abokin hamayya ƙarfinsu, na biyu ya buɗe ƙofa ga wanda ba haka yake yi ba, kuma mai shago ko mai makaranta a nan yana iya haɗa duka biyun a takarda guda.

Takardar nan ita ce muke raina wa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce, amma je ka Singa ko Kwari ko Farm Centre ka tambayi yaran shago nawa ne suke da ita. Komai da baki, zo ka fara gobe, sai an ɓata kowa ya ce ba haka muka yi ba. Ba sai an kira lauya ba, rabin shafi da Hausa ya isa, lokacin zuwa da na tashi, albashi da ranar biya, abin da ba a yarda a taɓa ba na kaya da kwastoma da sirrin farashi, da kuma cewa in kana da wata sana'a ka faɗa, in ka sake wata ka sake faɗa. In aiki ya fara lalacewa a yi maganar aikin, makarar da yake yi, kuskuren da ya yawaita, a ja kunne a ba shi lokaci, in bai gyara ba a rabu a kan wannan. Wanda yake zuwa a kan lokaci yana gama aikinsa tsaf kuma, don ka ji yana da kiwon kaji ko ya sayi mashin ya ba da haya, sai ka fara ɗaure masa fuska kana cewa ya fara girman kai, wannan hassada ce kawai, ka kira ta da sunanta ka nemi tsari da ita.

In kuwa kana son mutum ya zama naka kai kaɗai, dare da rana waya a kunne, to wannan ma abu ne da ake saye, ka biya kuɗinsa. 'Yan kasuwarmu na da sun fi mu gane wannan, yaro zai yi shekaru yana yi wa ubangidansa hidima ba ya waiwayar komai, amma ci da sha da sutura da aure duk a wuyan ubangidan suke, ƙarshe a sallame shi da jari ya buɗe nasa. Yanzu ana son biyayyar wancan zamanin da albashin da ba ya kai wa sha biyar ga wata.

Akwai ayyukan da ni ma na yarda a tsaurara. Direban da zai ɗauki rayuka daga Kano zuwa Legas ba zai kwana yana jigila a gari ba. Mai sayo wa hukuma kaya ba zai zama shi ne mai sayar mata ba, ko shi ko matarsa ko ƙaninsa. Jami'in da ke ba da lasisi ko yake duba makarantu da kemis-kemis ba zai mallaki irin abin da yake dubawa a yankinsa ba. Likitoci kuwa nasu sai an yi a hankali, ministan lafiya Farfesa Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan dubu 16 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan, to waɗanda suka rage in aka ce ko asibitin kuɗi ba za su leƙa ba bayan sun gama dutinsu, jirgi za su bi su ma. Abin da za a tsare a wajensu shi ne awannin duti su cika, kuma kada a karkatar da mara lafiya.

Ga 'yan majalisa kuma, tunda kusan kowace majalisa sai ta kafa kwamitin gyaran tsarin mulki, wannan sakin layin na jadawali na biyar ya kamata a taɓa shi. A bar hanin a kan manya masu sa hannu a kan kuɗi da kwangila, a ƙara tsaurara shi ma har ya kamo masu fakewa da sunan iyali. Ƙananan ma'aikata kuma a ba su fom su rubuta sana'ar da suke yi da lokacin da suke yinta, shugaban sashe ya duba ya sa hannu, a sabunta duk shekara, wanda aka samu ya bar aji ko ya bar marasa lafiya a lokacin aiki a hukunta shi a kan barin aikin ko da gona ya tafi.